Shekarar da Babanku Ya Koma Ƙarƙashin Sunana

Yusufu, da kai zan fara, don kai ka ja na zauna rubuta wannan babi. A Kirsimetin bara, da kake gabatar da mu ga surukanka ta waya, cikin raha ka ce, "Mama ce ta riƙe gidanmu a Doha, Baba dai yana gida." Kowa ya yi dariya, har da babanku da yake tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu. Ni ban yi ba. Na san ba da mugun nufi ka faɗa ba, yabona ma kake yi, amma yabon yana damuna har yau. A shekarar da nake so in ba ku labari kai hankalinka yana kan ƙwallo da jarrabawa, ke kuma Talatu kusan rabinta a gadon asibiti kika yi, saboda haka abin da kuka riƙe guntu-guntu ne. Babanku ba zai taɓa gyara muku ba. Kun san shi, ko taka masa ƙafa aka yi shi zai ce a yi haƙuri. Ni kuwa ba a san ni da haɗiye magana ba.

Sai na fara tuna muku da saƙon Kirsimeti, don a cikinsa komai ya faru. Lokacin da muka sauka a ƙasar nan, Iya, mahaifiyar babanku, yanar ido ta riga ta rufe mata gani, karatu kuwa dama ba ta yi ba. Aika mata wasiƙa ɓata takarda ne. Sai babanku ya sayo 'yar rikoda, duk ƙarshen shekara mu zauna mu cika kaset da labarin gidanmu, mu nemi mai tafiya gida, Kirista ko Musulmi, ya sauke mana a Kano, daga can a sa a motar Malumfashi. Da waya ta zo muka koma ɗauka da waya, amma tsarin bai sake ba. Babanku ya buɗe da addu'a, ya ba da labarin aiki. Ni in bi da labarin asibiti da na gida, wa ya yi tsawo, wa ya ƙi cin tuwo. Sai ku, babba kafin ƙarama. Mu rufe da waƙa ɗaya, wadda babanku kullum yake ja ƙasa kamar mai turin mota.

Doka ɗaya ce a wannan saƙo, kuma Iya ce ta kafa ta. A shekarar farko kai Yusufu ka fasa kuka ana tsakiyar ɗauka, babanku ya mayar da kaset baya ya goge wurin ya sake. Bayan 'yan makonni sai ga amsa ta zo da muryar Iya.

"Iliya, na ji inda ka yanke. Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau. Kukan yaron nan nake so in ji, ba gyararriyar magana ba. In ka sake yanke mini, ka riƙe kayanka."

Daga ranar ba a sake gogewa ba. Tari, atishawa, ƙaurin miya da na tashi da gudu na duba, faɗan da kuka yi a kan wa zai riƙe waya, duk suna ciki. A can ƙauye kuma ba Iya kaɗai ke ji ba. Ranar Kirsimeti in an taso daga sujada, an zuba shinkafa, sai Baba Danladi, yayan babanku, ya aro sifikar mawaƙan coci ya ajiye a gindin mangwaron tsakar gida. Dangi, surukai, maƙwabta, har masu wucewa da suka ji ƙamshin nama, kowa ya nemi wuri. Abin da maza suke jira shi ne wurin aiki, inda babanku yake ba da labarin aikinsa. Wannan mutumin da yake iya wuni a gida bai haɗa jimla uku ba, in ya zo kan hanya da gada sai bakinsa ya buɗe. Ya gaya musu yadda ake cike teku da ƙasa a shimfiɗa kwalta a kai, yadda ake zuba ƙanƙara a cikin kwaɓin siminti don kada zafi ya ɓata shi. An ce mini dattawa sukan yi mako suna gardama a kan maganar ƙanƙarar nan. Injiniya na Doha suke ce masa, kuma ba zan ɓoye muku ba, sunan yana masa daɗi.

A nan kuwa kun san Kirsimeti ranar aiki ce kamar kowace. Mukan yi namu bikin ranar Jumma'ar da ta gabace ta, mu dawo daga coci can bayan gari, mu shige ɗan gidanmu na hawa na biyu a unguwar da ake kira Matar Ƙadim. Maman Sadiya, matar Malam Kabiru direba da muke ƙofa da ƙofa, ita take zuwa taya ni suyar cincin, kamar yadda nake zuwa taya ta aikin naman layya. Haka muka yi shekaru, ba abin da ya girgiza mu sai ciwon Talatu.

A zamaninmu ba a tambayar gwajin jini kafin aure, ni da nake nas ma ban yi tunanin yi ba, sai da aka haife ki, Talatu, muka san me ake kira sikila a cikin gida, ba a littafi ba. In ciwon ya tashi, yarinyar da take tsalle da safe kafin azahar ba ta iya miƙe ƙafa. Ni ina aiki a ɗakin haihuwa, waya tana kulle cikin loka. Babanku yana can bakin aiki inda sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya shigo gari. Sau da yawa Maman Sadiya ce take yafa mayafi ta je makaranta ta ɗauko ki. Shekarar nan kuwa ciwon ya matsa fiye da kullum.

A cikin wannan hali kamfanin babanku ya gama kwangilarsa ya sallami mutane. Ba laifi ya yi ba, aiki ne ya ƙare. Ya zaga ofisoshi da takardunsa har takalminsa ya gaji, ko'ina a duba furfurarsa a ce za a kira shi. Kun san dokar ƙasar nan: baƙo ba ya zama sai a ƙarƙashin sunan wani, wanda suke ce wa kafil. Kamfani ne kafil ɗin babanku, mu uku kuma muna ƙarƙashinsa. Da aikin ya tafi, sai ƙasa ta zame mana gaba ɗaya. Asibitinmu ya yi mini halacci, ya karɓe ni a kan sunansa, aka kuma ce ina iya ɗaukar 'ya'yana da mijina a kan nawa. Ku biyu ba a sha wahala ba. Saura babanku, wanda aka ba shi wa'adi zuwa sabuwar shekara: ko ya koma ƙarƙashina ya zauna ba aiki, ko ya bar ƙasar.

Komawarmu gida gaba ɗaya ba ta taso ba, shi ma bai ce a yi ba. Likitan da ya san jinin Talatu tun tana goye yana nan, maganinta yana nan, kai kuma Yusufu kana dab da jarrabawar fita. Maganar ita ce shi. Ana cikin haka sai Baba Danladi ya kira da albishir: ya samo masa aiki a wani kamfanin gina hanyoyi a jiharmu, babban injiniya, da mota da gida, kuma tafiyar da ba ta kai a ce tafiya ba zuwa wurin Iya. Ina so ku gane wannan da kyau. Ba wai babanku ya rasa inda zai je ba ne. Aikin da ya daɗe yana mafarki ne aka miƙo masa, a daidai lokacin da ya fi bukatarsa.

Na kawo takardar sauya kafil na manna a jikin firij. Mako ya wuce, wani ya bi, bai taɓa ta ba. Kullum zai buɗe firij ɗin ya ɗauki ruwa kamar ba ya ganinta. Ran nan da rana kuna makaranta haƙurina ya ƙare, na tsaya a kansa yana ninke wanki.

"Baban Yusufu, sunana ƙazanta ne? Shekara nawa ina ƙarƙashin naka, ka taɓa jin na ce kaina yana ciwo?"

"Ba sunanki ba ne, Maman Yusufu."

"To mene ne? Ka faɗa mini in ji. In tafiya za ka yi, ka ce tafiya zan yi, shi ke nan, in san yadda zan yi da yarinyar nan."

Ya gama ninke rigar da ke hannunsa tsaf, ya ɗora a kan sauran, sannan ya ce, "In an zo wurin aiki, me zan ce wa Iya?"

Da wani ne ya faɗi haka sai in ce shirme ne, magidanci da furfura yana auna rayuwarsa da saƙon da ake saurara a gindin mangwaro. Amma na san abin da yake nufi. Shi ne yaron da Iya ta yi ta sayar da ƙuli-ƙuli ta tura makaranta bayan rasuwar mahaifinsu. Wurin aikin nan da yake faɗa duk shekara, shi ne yadda yake ce mata wahalarki ba ta tafi a banza ba. Kuma na san mutanenmu. Namiji ya ce matarsa ce take riƙe da takardar zamansa, ita take fita shi yana gida, wannan magana sai ta zaga kasuwa kafin shinkafar ta huce. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, duka biyun a lokaci guda. Na ce masa ai ba dole ne a faɗa ba, a ce ana jiran sabuwar kwangila. Ya dube ni kawai, na tuna da wa nake magana, na koma kicin ina buga tukwane.

Ba a daɗe ba aka kira daga makarantar Talatu. Ina ɗakin haihuwa kamar kullum, amma wannan karon akwai mutum a gida. Babanku ne ya je. Ke kika ba ni labari daga baya, Talatu, ba shi ba. Kika ce ya same ki a dunƙule a kan benci, ya ɗauke ki a kafaɗa ya sauko da ke daga bene, amma kafin ya fita sai da ya koma ya leƙa ajinku. Ya tambayi wace ce kujerarki, aka nuna masa, ya ɗaga kai ya ga bakin na'urar sanyi saitin kanki. Ya buɗe jakarki ya tarar da gorar ruwanki cike kamar yadda na zuba da safe. A mota ya tambaye ki dalili, kika ce in kin sha ruwa fitsari yake matsa miki, kuma kunya kike ji ki yi ta ɗaga hannu a gaban yara. Ni da nake nas, nake wa iyayen wasu huɗuba a kan sanyi da ruwa, ban taɓa samun sararin shiga ajin nan da rana ba. Da aka sallamo ki, shi ya raka ki makaranta, ya yi magana da malamarku a hankali irin tasa, aka sauya miki kujera, aka kuma ce ki riƙa fita ba sai kin nemi izini ba.

Na ce a raina shi ke nan, ya ga abin da idonsa, zai sa hannu. Sai ga shi ranar wata Asabar ya ce mu je Wakra mu sha iska. Muka zaga bakin ruwa, kuna kallon jiragen masunta, muka shiga kasuwa. Ina duba kayan yaji na juyo na gan shi yana cinikin akwati, ƙato, baƙi, mai taya. Mai shagon yana ta yalla yalla, wai a yi sauri, babanku yana gwada zif. Ya saya ya ja shi har mota. Ban ce uffan ba har muka iso gida, kuma ku shaida ne wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Akwatin ya zauna a bayan ƙofar ɗakinmu, takarda tana jikin firij, ni ina tsakani ina zuwa aiki ina dawowa. Na fara lissafin yadda zan roƙi a mayar da ni aikin safe zalla, na san kuma ba za a yarda ba.

Haka Jumma'ar saƙo ta same mu. Mun dawo daga coci, Maman Sadiya ta gama suya ta tafi da nata kason, gidan duk ƙamshin cincin. Rana ta shigo ta tagar falo. Kafin mu zauna na ja shi gefe.

"Bana mu tsallake wurin aiki. Ka yi addu'a, ka gaishe ta, ni sai in ɗauka daga nan."

"Kira yaran," ya ce.

Muka zauna a kan kafet, waya a tsakiya a kan ɗan teburi. Ya danna. Ya yi addu'arsa gajera, sannan ya gyara murya. Har yanzu saƙon yana wayata, kuma na saurare shi har na haddace.

"Iya, ɗanki Iliya ne daga Doha. Barka da Kirsimeti, ke da duk wanda yake zaune a wurin. Mun zo wurin aiki. Bana babu gada, babu hanya. Kamfani ya sallame mu tun kuna tsakiyar damina, na nema ban samu wani ba. Yaya Danladi ya samo mini aiki a gida, aiki mai kyau, Ubangiji ya sāka masa. Na yi niyyar zuwa, har akwati na saya. Amma ba zan zo ba."

Ya ɗan tsaya.

"A ƙasar nan kowane baƙo a ƙarƙashin sunan wani yake zaune. Daga sabuwar shekara ina ƙarƙashin sunan Rifkatu. Ita za ta riƙa fita nema, ni zan zauna da Talatu, don jikinta yana son mutum kusa. Na faɗa da bakina a gaban kowa, don kada wani ya tsinta a gefe ya rasa yadda zai gaya miki. Wurin aiki ke nan na bana. Ga Rifkatu."

Ya turo mini wayar. In kun saurari saƙon za ku ji wani dogon shiru, ba abin da ke tashi sai ƙarar Talatu tana tauna cincin. Can na ce, "Iya, muna lafiya," sai kuka ya ƙwace mini, irin mai majina, ba kuma damar gogewa. Kai Yusufu da ka ga abin ya yi tsawo sai ka jawo wayar ka shiga ba Kaka labarin ƙwallon da ka ci da ka. Ban taɓa gode maka a kan wannan ba, to na gode. Muka yi waƙa, babanku ya ja ta ƙasa yadda ya saba. Da muka tashi ya wuce kicin, ya cire takardar daga jikin firij, ya tambaye ni ina biro.

Baba Danladi yakan saurari saƙon shi kaɗai kafin ranar, don ya tabbata ya sauka daidai. Washegari da hantsi sai ga kiransa, muryarsa har falo.

"Iliya, kanka ɗaya kuwa? Aikin da na zubar da mutuncina na roƙo maka ka ƙi, wannan na haƙura. Amma wannan maganar a sifika? A gaban surukai? Bari in tsallake wurin, daga addu'a a faɗa kan yara, ba wanda zai sani."

"Yaya, Iya ta hana yanka."

"Za su yi maka dariya, wallahi."

"Na sani, Yaya. Ka sa mata duka."

Kada ku riƙe Baba Danladi a zuci, ƙaninsa yake karewa, kuma bai yi ƙarya ba. Al'adar ita ce in an gama sauraren namu, sai a ɗauki amsa nan take a aiko mana. Ta iso da yamma ranar Kirsimeti, na dawo daga aiki ko takalmi ban cire ba. Muka zauna a teburin cin abinci aka danna. Abin da ya fara fitowa dariya ce, ta maza, mai yawa. Wani daga nesa ya ce Injiniya ya zama mijin-ta-ce. Wani ya ce a haɗa masa da zane da murfin tukunya a saƙo na gaba. Na gane muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda babanku ya sa 'ya'yansu a makaranta, kuma har gobe ban manta ba, ko da yake na gaishe su da fara'a a duk zuwan da muka yi. Babanku ya kafa ido a kan farantinsa. Na miƙa hannu zan kashe, ya riƙe mini hannu. Sai muka ji sandar Iya tana bugun ƙasa, wurin ya yi tsit.

"Iliya, na ji. Masu dariya ma sun ji, ga su nan da shinkafa a baki. Hanyoyin nan da kake ba ni labari duk shekara, ina jin daɗi, amma ban taɓa taka ko ɗaya ba. Yarinyar nan kuwa na goya ta a bayana, na san nauyinta. Rifkatu, share hancinki, na ji ki. Abu ɗaya zan ce. Baɗi kada ka tsallake mini wurin aiki. Ka faɗi abin da ka yi, kamar kullum."

Kada ku ɗauka maganar Iya ta share komai. Ba ta share ba. Aikin gida aka ba wani, kuma irinsa bai sake zuwa ba, a can ko a nan. Mutanen da suke kiran babanku neman shawara ko da katanga za su ja, suka daina. A zumuntar maza ta coci sabon zuwa yakan tambaye shi ina ake aiki, ya ce yana gida, sai mutumin ya rasa inda zai sa idonsa. Duk ranar sabunta takarda tare muke zuwa, ni a gaba shi a baya, ma'aikaci ya dube ni ya dube shi. Hular kwanonsa ta aiki tana saman kwaba, lokaci-lokaci yakan sauko da ita ya goge ya mayar, yana zaton ban gani ba. In muka hau wata gada da ya yi aiki a kanta sai ya rage gudu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Iya. Da ya karɓi aikin nan da ya yi shekarunta na ƙarshe kusa da ita. Sai ya zama a hutu kawai yake ganinta, kuma ranar da ta cika yana nan yana jiran Talatu a ƙofar makaranta. Ya yi kuka irin wanda ban taɓa gani a wurinsa ba. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, amma ya ji ciwo, kuma ina so ku san ya ji.

Iya dai ta ga Kirsimeti na gaba, ta kuma sami abin da ta nema. Muka zauna a kan kafet ɗin nan, ya danna, ya yi addu'a. Ina ta fargabar abin da zai ce. Sai ya gyara zama irin yadda yake yi in zai yi maganar gada, ya shiga bayani dalla-dalla. Yadda ya yi wa gorar ruwa zane-zane da biro don a san inda ya kamata ta kai kafin tashi daga makaranta. Yadda ya karkatar da iskar na'urar ɗakin Talatu da kwali da salatif. Wane magani ake sha da safe, wane da abinci. Yadda ya koyi gane ciwon daga tafiyarta tun kafin ita ta ce wani abu. Har da yadda ya ƙona miyar kuka sau da dama kafin Maman Sadiya ta ji tausayinsa ta nuna masa lokacin da ake kaɗa ta. Muryarsa ta buɗe, hannunsa yana ta zane a iska kamar Iya tana gani. Da ya gama ya ce, "Sakamakon aikin kuma, mai shi za ta faɗa." Ya tsallake ni, ya tsallake Yusufu, karo na farko da aka karya layi, ya tura wayar gaban Talatu.

"Kaka," kika ce, "bana ban kwana a asibiti ba."

A amsar da ta zo babu dariya. An ji dai wani yana tambaya a nesa ko kwalin nan kowane iri ne ake sawa. Iya kuma ba ta ja magana ba.

"To," ta ce, "wannan aikin na gane shi."

Yanzu ga ni na kusa ajiye aiki, muna ta ɗaure kaya za mu koma gida. Jiya babanku ya jawo akwatin Wakra daga bayan ƙofa, har yanzu da ledarsa a jikin hannun, ya sa hular kwanon a ciki kafin komai. Talatu tana can asibiti tana nata aikin, tana faɗa da marasa lafiya a kan shan ruwa, da gora mai zane-zane a kan teburinta. Ciwon bai bar ta ba, amma bai ci ta ba.

Ni na fita nema, Yusufu, wannan gaskiya ne, kuma ban raina abin da na yi ba. Amma ni ba a yi mini dariya a gindin mangwaro ba, ba kuma ni na mayar da akwati bayan ƙofa ba. In surukanka sun sake tambaya, kada ka ce babanka yana gida. Ka ce injiniya ne. In sun ce me ya gina, ka kira musu ƙanwarka.